Yaran Ƙetaren Gada: Wahalar Da Ke Bayan Taurarin Da Kaduna Ta Rena

A watan Maris na 2025 wani gajeren bidiyo ya karaɗe wayoyin jama'a a duniya. Lamine Yamal ne, matashin ɗan wasan Barcelona, yana taka rawa da wata waƙar Najeriya mai suna "Shake Body". Waƙar ba sabuwa ba ce. A 2014 ta fito, lokacin shi Yamal bai wuce shekara bakwai ba. Cikin 'yan makonni ta sake tashi, matasa a Turai da Afirka suna ta kwaikwayon rawar a TikTok. Ranar 26 ga Afrilu Barcelona ta doke Real Madrid da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe na kofin Copa del Rey a birnin Seville, mai waƙar kuma yana can, ya rera ta a wajen shagalin murnar 'yan wasan.

Sunansa Raoul John Njeng-Njeng, amma da Skales aka san shi. Yawancin masu rawar ba su san a Kaduna ya tashi ba. Ba su kuma san cewa lokacin da ya yi wannan waƙa ba shi da ɗakin kwana nasa na kansa a Legas ba.

Irin wannan labari yana da daɗin bayarwa, kuma muna son mu riƙa gaya wa yaranmu shi don su yi haƙuri. Wanda ya ci zomo ya ci gudu, babu shakka. Sai dai idan aka bi sawun mawaƙa da 'yan wasan da Kaduna ta rena ɗaya bayan ɗaya, za a tarar babu wanda ya yi gudun shi kaɗai. Kowannensu akwai wanda ya riƙe shi a ranar da ya kusa faɗuwa, kuma kusan dukkansu sai da suka bar garin kafin su ci moriyar baiwarsu. Waɗannan abubuwa biyu ne ba a cika faɗa ba, su ne kuma suka fi shafar yaron da ke zaune yau a Kakuri ko Narayi yana rubuta baitoci a bayan littafin makaranta.

Garin da masaƙu suka gina

Kogin Kaduna ya ratsa garin ya raba shi biyu. Wanda ya taso daga babbar kasuwa ya bi ta gaban filin wasa na Ahmadu Bello ya haye gada, ya shiga ɓangaren kudu ke nan: Kakuri, Makera, Nasarawa, Barnawa, Television, Narayi, Sabon Tasha, Unguwar Romi, har Gonin Gora a bakin hanyar Abuja. Ma'aikatun gwamnati da gidajen manya suna arewacin kogin. Kudu kuwa masana'antu ne suka raya ta.

A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a Kakuri, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna da wani kamfanin Ingila mai suna David Whitehead. Nortex da Arewa Textiles da United Nigerian Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Aka kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a 1964, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai ta zo a 1980. Mutane suka yi ta kwararowa neman aiki daga Binuwai da Filato da ƙasar Ibo da ta Yarbawa da tsohuwar Bendel, ga Bajju da Atyap da Jaba daga kudancin jihar, ga Gbagyi da aka tarar a wurin, ga Hausawa da Nufawa. Adams Oshiomhole ma, wanda ya zama shugaban ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa kuma gwamnan Edo, a masaƙar Arewa Textiles ya fara aiki. Duk waɗannan mutane da Hausa suke ciniki a kasuwar Monday ta Kakuri, 'ya'yansu kuma suka tashi da harshe uku a baki: na gida, da Hausa, da Turancin buroka.

Inda ake biyan albashi duk ƙarshen wata, nishaɗi ba ya rasa kasuwa. Makaɗan otal, masu sayar da kaset, masu ɗaukar hoto, masu hayar lasifika a biki, duk da kuɗin ma'aikacin masaƙa suke ci. Da masaƙun suka fara durƙushewa saboda atamfar fasa-ƙwauri da rashin wutar lantarki da tsadar baƙin mai, duk suka ji a jikinsu. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, United Nigerian Textiles ta bi sahu a 2007. Dubban magidanta suka koma gida, da yawa ba tare da kuɗin sallama ba, wasu har suka mutu suna jira. Uban da ya yi shekara ashirin a bakin injin saƙa ya koma acaba ko gadi. Nauyin gida ya dawo kan uwaye: suyar ƙosai, wankau, kitso, tallar kayan miya.

A daidai wannan tsakani ne kuma garin ya sha jini. Rikicin da ya ɓarke a Fabrairu da Mayun 2000 kan batun shari'a ya ci rayukan aƙalla mutum 2,000 bisa ƙiyasin ƙungiyar Human Rights Watch. Na Nuwamban 2002, wanda ya biyo bayan taƙaddamar gasar sarauniyar kyau ta duniya, ya ci kusan 250. Aka sake wani bayan zaɓen 2011. Kowane rikici sai ya tura jama'a ƙaura: Musulmi da yawa suka tattara suka haye arewacin kogin, Kirista da yawa suka dawo kudu. Har yanzu akwai cakuɗa a Barnawa da Kakuri da Makera da Nasarawa, amma yaran da aka haifa daga wajen 1985 zuwa 1995 sun buɗe ido ne a garin da kowa ya san inda zai kwana lafiya da inda ba zai kwana ba. Su ne tsarar Skales.

Makarantar da ba ta karɓar kuɗi

Yaron talaka a kudancin Kaduna da ke son kiɗa, wuri ɗaya ne zai taɓa ganga ta zamani ko fiyano ba tare da ya biya ko sisi ba, wato coci. Majami'u sun yi yawa a wannan yanki, daga manya irin na Living Faith da ke Barnawa, inda Bishop David Oyedepo ya yi ƙarfi kafin ya koma Legas, zuwa na ECWA da Baptist da Katolika, zuwa ƙanana da ke cikin shago ɗaya.

Wanda ya leƙa ɗaya daga cikin ƙananan da yammacin Asabar, lokacin gwajin waƙoƙin Lahadi, zai ga yadda abin yake. Mai kaɗa gangar yana zaune a bayan kayansa, yara uku ko huɗu sun kewaye shi a tsaye, idonsu a kan ƙafarsa da hannunsa. Ba wanda ya ce su zo, ba kuma wanda zai kore su. Idan ya tashi shan ruwa, wanda ya fi ƙarfin hali a cikinsu sai ya zame ya zauna a kujerar, ya samu minti biyu kafin a daka masa tsawa. Sauran kwanakin mako a kan bokiti da jarka yake maimaita abin da ya gani, da tsinken itace guda biyu. Bayan shekara ɗaya ko biyu, ranar da mai gangar ya yi tafiya, shi za a kira. A ɗaya gefen kuma matan Zumunta ne cikin zane iri ɗaya, suna waƙa da Hausa tsantsa, da tulu da caki, ɗaya na bayarwa saura na amsawa. Yaron da ya girma yana jin wannan ya riga ya san amshi da karin murya tun kafin ya san sunansu.

Praise Adejo, wanda aka sani da Praiz, ta wannan hanya ya bi. A Legas aka haife shi a 1984, aikin bishara ya kawo mahaifinsa Kaduna a 1992, a nan ya girma ya kuma karanta ilimin kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. A 2008 ya shiga gasar Project Fame ta farko, wadda Iyanya ya lashe, shi ya zo na uku. Duk ƙasa ta ga fuskarsa a talabijin, ta ji muryarsa, amma kundinsa na farko, "Rich & Famous", sai a ƙarshen 2014 ya fito. Shekara shida ke nan tsakanin a san ka da a ce ka tsaya da ƙafarka. Matasa da yawa suna ɗauka cin gasa shi ne ƙarshen wahala. Sau da yawa a nan take farawa, domin mutanen unguwa sun gan ka a akwatin talabijin, sun ɗauka ka yi kuɗi, kai kuwa kuɗin mota ma sai ka ranta.

Daga coci sai situdiyo. Ba irin wanda ake gani a bidiyon Legas ba. Shago ne ko ɗaki ɗaya a bayan gida, an manna kwalayen ƙwai da yankakkiyar katifa a bango don kada sauti ya yi amo. Kwamfuta ɗaya ce ta hannu, sai lasifika biyu, sai makirufo da aka ɗaura wa safa a gaba. An rufe taga saboda ƙarar janareto, an kashe fanka saboda kada iskarta ta shiga cikin murya, don haka mai waƙar yana rerawa gumi na zuba. Kafin a fara aiki sai an yi karo-karon kuɗin fetur. Idan man ya ƙare ana tsakiyar baiti, a nan aikin ranar ya tsaya. Wanda ba shi da kuɗin zama sai ya biya da jikinsa: shara, ɗebo ruwa, sayo abinci, da fatan idan dare ya yi masu kuɗi sun watse furodusa zai ba shi rabin awa. A da, idan waƙa ta kammala sai a zuba ta a faifan sidi a yi ta zarya gidajen rediyo irin su Capital Sound da Supreme FM, ana roƙon mai gabatar da shiri ya saka ko sau ɗaya.

Hawa da faɗuwar Skales

An haifi Skales ranar 1 ga Afrilun 1991. Asalin gidansu jihar Edo ne, mahaifiyarsa ce kuma ta riƙe shi ita kaɗai a Kaduna, da 'yan ayyukan ƙarfi da duk abin da ya samu. Tun yana yaro ya fara rubuta gambarar zamani. Wajen 2007 ya fara zuwa Jos, inda a lokacin harkar ta fi ƙarfi a duk Arewa, ya yi aiki da Jeremiah Gyang da Jesse Jagz. A 2008 ya ci gasar Zain Tru Search ta shiyyar Arewa ta Tsakiya. A 2009 Banky W ya ɗauke shi a kamfaninsa na Empire Mates Entertainment a Legas. Yana ɗan shekara 18.

A nan ne ya gamu da wata irin jarrabawa da ba yunwa ba ce. Tare da shi a kamfanin akwai wani yaro ɗan Surulere, Wizkid. A 2010 Wizkid ya fitar da waƙar da ta ɗaga shi, a 2011 kundinsa na "Superstar" ya mamaye ƙasa. Skales yana gefe, yana fitowa a waƙoƙin haɗin gwiwa, yana sakin nasa ɗaya-ɗaya, kowa na yabon iya tsara kalmominsa, amma har ya bar kamfanin bai fitar da kundi ko ɗaya ba. Duk hirar da za a yi da shi sai an auna shi da abokinsa. A 2014 aka raba gari. Shi da bakinsa ya sha faɗa a hirarraki cewa bayan nan ya rasa wurin zama, ya kwana a mota, har sai da mawaƙi Timaya ya ba shi masauki.

Yana cikin wannan hali ya yi "Shake Body" tare da furodusa Jay Pizzle. Waƙar rawa ce zalla, ba irin gambarar da aka san shi da ita ba, kuma wasu masoyansa na farko sun ce ya sayar da baiwarsa. Ni ban ga laifinsa ba. Mutumin da ba shi da wurin kwana yana da haƙƙin ya yi abin da kasuwa za ta saya, kuma sauya salo a lokacin da kowa ya ɗauka ka ƙare shi ma wani nau'in ƙarfin zuciya ne. Waƙar ta karɓu, kamfanin Baseline ya ɗauke shi, kundinsa na farko "Man of the Year" ya fito a 2015, wasu suka biyo baya. Bayan 'yan shekaru tauraronsa ya sake dusashewa, sababbin yara suka cika fage. A Oktoban 2022 mahaifiyarsa ta rasu. Ta ga nasararsa ta farko, ba ta ga ta biyun ba.

Idan aka cire matar nan daga labarin, babu labari. Idan aka cire furodusoshin Jos da suka buɗe wa baƙon yaro ƙofa, aka cire mutumin da ya ce masa zo ka kwana a nan, to juriyarsa ba za ta kai shi 2014 ba balle 2025. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ina nanata wannan ne saboda yadda ake ba matasa labarin taurari, a ce wane ya jure ya yi nasara, kai ma jure. Yaron da ya ji haka, ya yi shekara goma yana fama bai samu ba, sai ya ɗauka haƙurinsa ne ya gaza. Alhali sau da yawa abin da ya rasa shi ne mutum guda mai ɗaki da zai ce ya zauna wata shida, ko uwa mai sauran ƙarfin da za ta ci gaba da ciyar da ƙato ɗan shekara ashirin da biyar da maƙwabta ke yi wa kallon zauna-gari-banza.

Ba Skales kaɗai ba ne. Terry tha Rapman, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa gambarar Turanci a Najeriya tun farkon shekarun 2000, ɗan Kaduna ne. Haka ɗan wasan barkwanci Stanley Chibunna, wato Funnybone, wanda ya ci kyautar fina-finai ta AMVCA a 2020 da fim ɗin "Smash". Haka darakta Toka McBaror, wanda ya ba da umarnin "Merry Men" a 2018, ya kuma yi fim mai suna "Kada River" a kan soyayyar da rikicin garin ya ratsa. Iyayen da yawa daga cikinsu ba 'yan asalin jihar ba ne, amma Kaduna ce ta yi su, kuma idan suka buɗe baki da Hausa ba ka raba su da ɗan gari.

Ɗaya gaɓar

A arewacin kogin ma akwai masu irin wannan fama, sai dai hanyarsu Kano take nufa maimakon Legas. Adam A. Zango, wanda aka haifa a Zangon Kataf a 1985, da haɗa kiɗa a situdiyo ya fara kafin a san fuskarsa a fim. Bai yi karatu mai zurfi ba, kuma bai ɓoye hakan ba. A 2019 ya ɗauki nauyin karatun ɗalibai 101 a Zariya, abin da ke nuna inda ciwon yake masa. Umar M. Shareef daga Rigasa ya fito, ya yi suna da waƙoƙin soyayya na fina-finai kafin Ali Nuhu ya sa shi jagorantar fim ɗin "Mansoor" a 2017. DJ AB da abokansa na ƙungiyar YNS kuwa sun ɗauki gambara suka zuba mata Hausar titin Kaduna, suka gina masoya ta intanet tun kafin wani babban kamfani ya waiwaye su.

A wannan ɓangare, bayan talauci akwai wani nauyin: kallon da al'umma ke yi wa sana'ar. Gidaje da yawa ba sa son a ce ɗansu mawaƙi ne ko ɗan fim, balle 'yarsu. Rahama Sadau, wadda aka haifa a Kaduna a 1993, ta shiga Kannywood a 2013, cikin shekara biyu ta zama ta gaba-gaba. A Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MOPPAN ta kore ta saboda fitowar da ta yi a bidiyon wata waƙar mawaƙi ClassiQ. Tana da shekara 22. Da wata ce, da shi ke nan. Ita kuwa ta nemi wata ƙofar: ta fito a shirin "Sons of the Caliphate", ta shirya fim nata "Rariya" a 2017, ta fito a "Up North" tare da Banky W a 2018, ta je Indiya ta fito a "Khuda Haafiz" kashi na biyu a 2022. Al'umma tana da haƙƙin kare tarbiyyarta, ba na jayayya da wannan. Amma duk mai adalci ya san idan aka tashi hukunci a wannan masana'anta, a kan mace ya fi sauka, kuma 'yan mata da yawa masu baiwa sun haƙura tun ba su fara ba saboda abin da suka ga ya samu na gabansu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda waɗannan rukunoni biyu, da suka tashi a gari ɗaya suna shan ruwan kogi ɗaya, ba su cika haɗuwa ba. Yaron Sabon Tasha da ya ƙware a fiyano da yaron Tudun Wada da ya iya tsara baiti da Hausa, tafiyar rabin awa ce tsakaninsu a Keke Napep. Kowane yana da abin da ɗayan ke nema. Inda suka fi haɗuwa shi ne situdiyo da wajen biki, kuma ba ƙaramin abu ba ne a garin da ya ga abin da Kaduna ta gani a ce Musa da Moses sun kwana a ɗaki ɗaya suna gyaran waƙa. Masu shirya tarukan zaman lafiya a otal-otal da sun san yawan sulhun da ake yi a waɗannan ɗakuna masu kwalin ƙwai, da can suka kai kuɗinsu.

Me ya sa sai an tafi?

Ba haka Kaduna take ba a da. Nan ne aka kafa gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a 1962, kuma shekaru da dama duk mai son a ji shi a Arewa nan yake zuwa. Manyan makaɗan Hausa a Rediyon Kaduna aka naɗi muryoyinsu. Usman Baba Pategi, Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023, daga nan ya shiga kowane gida. Haka Kasimu Yero na "Karambana", wanda ya rasu a 2017. A zamaninsu gwamnati ce ke ɗaukar nauyin shirye-shirye, ɗan wasa yana da albashi ko alawus komai ƙanƙantarsa. Da wannan tsari ya mutu, ba a samu wani ya maye gurbinsa a garin ba. Kasuwar fim ɗin Hausa ta kafu a Kano, ta waƙar Turanci da buroka ta kafu a Legas, inda dillalan kasuwar Alaba da kamfanonin talla da manyan gidajen rediyo suke.

Rashin tsaro ya ƙara dagula lamarin. Sana'ar nishaɗi da dare take ci, ita kuwa Kaduna ta sha dokar hana fita. Mai shirya wasa da ya kama zaure, ya buga takardun talla, ya biya kafin alƙalami, idan aka wayi gari da dokar awa 24 ya yi asara ke nan, ba mai mayar masa. Wanda ya ƙone sau ɗaya ba ya sakewa. Shekarun da hanyar Abuja ta zama abin tsoro saboda masu garkuwa da mutane, manyan mawaƙa ma ba sa son zuwa. Ga kuma wata ɗabi'a tamu da ya kamata mu faɗa wa kanmu gaskiya a kanta: muna iya biyan dubbai mu kalli baƙo daga Legas, amma ɗan unguwa muna so ya yi mana kyauta, a sallame shi da abinci da godiya. Sai ya tafi ya yi suna a can sannan mu fara cewa namu ne.

Waya ta sauƙaƙa wasu abubuwa. Yau yarinya a Narayi za ta iya naɗar waƙa ta ɗora a Audiomack ko YouTube ba tare da ta durƙusa wa kowa ba, masu barkwanci kuma suna tara mabiya a TikTok da Facebook daga tsakar gida. Amma data kuɗi ce, fetur kuɗi ne, kuma abin da dandalin sauraro ke biya a kan mai sauraro na Najeriya kaɗan ne ƙwarai. Wani sabon rami kuma shi ne yarjejeniya. Yaron da ya sha wahala shekara takwas, ranar da wani ya miƙo masa takarda mai shafi ashirin da alƙawarin mota da gida, ba zai tsaya karantawa ba. Da yawa sun sa hannu sun sallama waƙoƙinsu na shekaru masu zuwa ba su sani ba. Akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a Maris na 2023, amma doka ba ta amfanar wanda ba shi da lauyan da zai karanta masa takarda kafin ya dangwala.

Akwai kuma waɗanda ba za a taɓa rubuta sunansu a jarida ba, su ne mafi yawa. Mai fiyanon da ya koya wa yara talatin, har yanzu yana kaɗawa a coci ranar Lahadi, ranar Asabar yana bin bukukuwa. Furodusan da ya yi wa wani waƙar farko bashi, wancan ya tafi bai waiwayo ba. Matar da ta fi kowa murya a unguwa, aure da reno suka sa ta ajiye. Waɗannan ba su gaza ba. Suna ciyar da iyali da sana'arsu, kuma a kansu duk wani tauraro ya taka ya hau.

An fara wasu yunƙuri. Bikin littattafai da fasaha na KABAFEST ya fara a 2017, bikin fina-finai na ƙasa da ƙasa na Kaduna ya fara a 2018. Suna da amfani, amma taron shekara-shekara ba ya riƙe mai sana'a. Abin da zai riƙe shi shi ne wurin da zai yi wasa duk mako a biya kuɗin shiga, da situdiyo mai wuta tsayayya da zai iya haya da rahusa, da lauyan da zai duba masa yarjejeniya ba tare da ya sayar da wayarsa ba. Ba abubuwa ne da suka fi ƙarfin gwamnatin jiha ko attajiran garin ba. A Kakuri akwai manya-manyan zaurukan masaƙu da suka yi shekara fiye da ashirin a kulle, rufinsu na ruɓewa. Ko ɗaya aka gyara aka raba shi ɗakunan naɗar sauti da dandalin wasa, aka ba matasan gaɓoɓin kogin biyu su gudanar da shi tare, jikokin mutanen da suka yi aiki a cikinsa za su samu wurin koyon sana'a da wurin sayar da ita a garinsu, kuma wanda ya ga dama ya tafi Legas zai tafi ne da ƙarfinsa, ba don ya rasa yadda zai yi ba.